Tseren Kyalami na 1982: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ranar da Motocin Turbo Suka Yi Kaka-gida a Sahun Gaba

Wanda ya fara kallon tseren motoci na Formula 1 a 'yan shekarun nan ya tarar da kowace mota tana da turbo, don haka ba ya ganin wani abin magana a ciki. A ƙarshen shekarun 1970 kuwa, dariya ake yi wa mai injin turbo. Tseren Afirka ta Kudu na 1982 yana cikin ranakun da dariyar ta koma ciki. Ga tambayoyin da masu sha'awar tarihin wasan suka fi yi a kansa.

Wane tsere ne wannan, kuma yaushe aka yi shi?

Shi ne tseren farko na gasar duniya ta 1982. An yi shi ranar Asabar, 23 ga Janairu, a filin Kyalami da ke arewa da birnin Johannesburg. Tsawon zagaye ɗaya kilomita 4.1 ne, aka yi zagaye 77, wato kimanin kilomita 316 ke nan gaba ɗaya. Alain Prost ɗan Faransa ne ya yi nasara a motar Renault. Carlos Reutemann ɗan Ajantina ya zo na biyu a Williams, René Arnoux, abokin aikin Prost a Renault, ya zo na uku.

Abu uku ne suka sa ba a manta da shi ba: yajin aikin da direbobi suka yi kwana biyu kafin tseren, yadda motocin turbo suka kwashe gurabe shida na farko a layin tashi, da yadda Prost ya yi faci, aka ba shi ratar zagaye guda cur, ya kuma dawo ya cinye.

Shi turbo ɗin mene ne, a taƙaice?

Inji ba da fetur kaɗai yake aiki ba. Fetur ba ya ci sai da iska, kuma iskar ce ma ta fi yawa, domin kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar wajen kilo 14 zuwa 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Saboda haka abin da ke taƙaita ƙarfin inji shi ne yawan iskar da zai iya shaƙa. Zuba mai ba wuya, samo iskar da za ta ƙona shi ne aiki.

Injin da ba shi da turbo yana zuƙar iska ne da kansa, idan fistin ya yi ƙasa. Turbo kuwa dura masa ita yake yi da ƙarfi, kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura gawayi har ƙarfe ya yi ja. Farfela biyu ne a jikin sanda ɗaya. Ta farko tana kan hanyar hayaƙin da ke fita daga inji, hayaƙin ne ke juya ta. Ita kuma sai ta juya ta biyu, wadda ke matse iska tana cusa ta cikin silinda. Juyin yakan wuce 100,000 a minti ɗaya. Ribar ita ce ana cin moriyar hayaƙin da da zai fita ta salansa a banza.

Yana da aibu biyu da suka wahalar da injiniyoyin wancan zamani. Na farko zafi: iskar da aka matse takan ɗauki zafi, dole a bi da ita ta na'urar sanyaya iska kafin ta shiga inji, in ba haka ba fistin ya narke. Na biyu jinkiri: direba zai taka totur, sai ƙarfin ya ƙi zuwa nan take, domin sai farfelar ta ɗauki gudu. Idan kuma ya zo, gaba ɗaya yake zuwa. Direbobin lokacin sun koyi taka totur tun kafin su gama shan kwana, suna lissafin cewa ƙarfin zai iso daidai lokacin da motar ta miƙe. Wanda lissafinsa ya kuskure sai ya tsinci kansa yana kallon inda ya fito.

Ta yaya aka bar inji mai turbo ya yi takara da wanda ba shi da shi?

Doka ce ta ba da dama tun 1966. Ta ce ko dai a yi inji mai lita 3 da ke shaƙar iska da kansa, ko mai lita 1.5 da ake dura wa iska. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya kula da zaɓi na biyu, domin kowa gani yake rabin inji ba zai taɓa kamo cikakke ba. Yawancin ƙungiyoyin Ingila sun riga sun samu abin da ya ishe su, wato injin Ford Cosworth DFV mai silinda 8, wanda ya fara cin tsere tun fitowarsa a 1967. Yana da sauƙin kuɗi, ba ya yawan lalacewa, kowa zai iya saya ya ɗaura a motarsa.

Renault ce ta fara gwada ɗaya hanyar. A 1977, a filin Silverstone na Ingila, ta fito da wata mota ruwan ɗorawa, Jean-Pierre Jabouille na tuƙi. Ta riƙa tsayawa a gefen hanya tana tururi da hayaƙi, har Turawan Ingila suka laƙaba mata sunan butar shayi. Shekara biyu ana wannan abin kunya kafin Jabouille ya ci tseren Faransa a Dijon, ranar 1 ga Yuli 1979. Daga nan Ferrari ta shigo da nata turbo a 1981, wata ƙaramar ƙungiya mai suna Toleman ta zo da injin Hart, sannan Brabham ta haɗa kai da BMW.

Me ya sa Kyalami musamman ya fi yi wa turbo daɗi?

Tudu. Filin yana kan tsaunukan da Johannesburg take, mita 1,500 ko fiye daga saman teku. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri kamar ta bakin teku. Ƙiyasin da injiniyoyi suka saba yi shi ne inji marar turbo yana asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 100. Cosworth da ke ba da ƙarfin doki kusan 500 a Silverstone, idan ya hau Kyalami sai ya rasa wajen kashi 15 cikin 100. Kuma ba yadda bakanike zai yi, domin ba zai ƙirƙiro iskar da babu ba.

Mai turbo kuwa ba ya wannan asarar sosai. Farfelar za ta ƙara gudu, ta ci gaba da matse iskar har ta kai nauyin da aka saita mata. Dama a ƙasa ma ya fi Cosworth da doki 60 zuwa 100. A kan tudu sai ratar ta kusan ninkawa.

Sai kuma fasalin filin kansa. Tsohon Kyalami yana da miƙaƙƙiyar hanya doguwa, wadda ke tasowa daga kwanar Leeukop, ta bi ta gaban garejin ƙungiyoyi, ta gangara zuwa kwanar Crowthorne. Wuri ne da ƙarfin inji ke magana. Tun kafin 1982 alamu sun nuna: a nan Jabouille ya fara samun gurbin farko a 1979, a nan kuma Arnoux ya ci tseren 1980.

Su wa ke da turbo a ranar, kuma ina suka tsaya a layin tashi?

Arnoux ne ya fi kowa sauri a gwajin neman gurbi, ya yi zagaye cikin minti 1 da daƙiƙa 6.35. Nelson Piquet, zakaran 1981, ya zo na biyu a Brabham mai injin BMW. Sai Gilles Villeneuve na Ferrari, Riccardo Patrese na Brabham, Prost, sannan Didier Pironi na Ferrari. Shida ke nan, duk turbo. Na farko a cikin marasa turbo shi ne Keke Rosberg na Williams a gurbi na bakwai, abokin aikinsa Reutemann yana biye da shi.

Toleman ma tana da turbo, amma talauci da sabunta sun hana ta kaiwa ko'ina. Wannan ya nuna cewa ɗaura turbo kaɗai ba ya sa mota ta yi gudu, sai da kuɗin babban kamfani a bayansa.

Mene ne gaskiyar labarin yajin aikin?

Ya faru, kuma saura ƙiris a fasa tseren.

Hukumar FISA, wadda ke kula da dokokin wasan a ƙarƙashin Jean-Marie Balestre, ta aika wa direbobi takardar sabon lasisi su sa hannu. Yawancinsu sun sa ba tare da sun karanta da kyau ba. Niki Lauda, wanda ya dawo fagen bayan hutun shekara biyu, ya karanta, ya ga abin da bai gamshe shi ba. Wani sashe ya ɗaure lasisin direba da ƙungiyar da yake yi wa aiki har zuwa ƙarshen kwantiraginsa. Ma'ana, idan ya bar ƙungiyar ba shi da lasisi, kuma masu ƙungiyoyi za su iya cinikinsa a tsakaninsu kamar yadda ake yi da 'yan ƙwallo. Wani sashen kuma ya hana direba faɗin duk abin da zai taɓa mutuncin gasar, wanda a aikace yana nufin kada ya soki hukuma. Masu ƙungiyoyi suna da dalilinsu: ba su manta yadda Prost ya bar McLaren ya koma Renault a ƙarshen 1980 ba, alhali McLaren na ganin da sauran yarjejeniya a tsakaninsu.

Abin ban sha'awa shi ne, Balestre da Bernie Ecclestone, shugaban ƙungiyar masu motoci ta FOCA kuma mai Brabham, sun shekara biyu ba sa ga maciji. Rigimarsu ce ma ta sa tseren Kyalami na 1981 bai shiga lissafin gasar duniya ba. Amma da batun ya zama na danne direbobi, sai ga su a layi ɗaya.

Da safiyar Alhamis, ranar da ya kamata a fara gwaji, direbobi suka iso fili suka tarar da bas tana jira. Aka riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya, aka wuce da su otal ɗin Sunnyside Park a Johannesburg. Pironi ya tsaya a fili yana tattaunawa da hukuma, yana sanar da su ta waya. Lauda ya fahimci cewa idan aka bar kowa ya kwana a ɗakinsa, masu gida za su bi su ɗai-ɗai da barazanar kora, musamman sababbin da ba su da gindin zama. Saboda haka ya sa aka kama babban ɗaki ɗaya, aka shimfiɗa katifu a ƙasa, aka kulle ƙofa. Mutum kusan 30, cikinsu har da zakarun duniya da masu albashin miliyoyi, suka kwana a jere. Elio de Angelis, wanda ya ƙware a kiɗan fiyano, ya yi ta ɗebe musu kewa, Villeneuve ma ya taɓa nasa. Jochen Mass bai shiga yajin ba tun farko, Teo Fabi kuma, wanda wannan ne zuwansa na farko Formula 1, ya sulale ya fita cikin dare.

Washegari Juma'a aka ce an cimma matsaya: a yi tseren, ba za a hukunta kowa ba, daga baya a zauna kan batun lasisin. Direbobi suka koma fili, aka matse gwajin kwana biyu cikin yini ɗaya. Patrick Tambay, wanda aka kira ya maye gurbin Marc Surer a Arrows, ya ce ya gaji da wannan siyasa, ya tattara ya tafi gida.

An cika alkawarin rashin hukunci?

A'a. Ana gama tsere aka sanar da dakatar da lasisin waɗanda suka yi yajin. Daga baya FISA ta ci su tarar dala 5,000 zuwa 10,000 kowanne, tare da barazanar hana su shiga wasu tseren. Suka ɗaukaka ƙara, kotun FIA, uwar hukumar da FISA ke ƙarƙashinta, ta rage hukuncin, ta kuma soki yadda FISA ta tafiyar da al'amarin. An sake duba sassan lasisin da suka jawo rigimar. A ganina direbobin ne suka yi nasara, ko da yake sun biya kuɗi.

To, yaya tseren kansa ya kaya?

Arnoux ya tashi da kyau ya riƙe gaba. Prost, daga gurbi na biyar, ya kutsa ya koma na biyu tun a farko. Piquet kuwa tashin ya ƙwace masa, motoci da yawa suka wuce shi, kuma garin gaggawar dawowa ya zame ya fita daga hanya a Crowthorne tun tseren bai yi nisa ba. Villeneuve bai kai zagaye na 10 ba turbo ɗinsa ya tashi aiki. Patrese ma haka, kafin zagaye na 20. Kafin a ci kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyar, rabin manyan motocin shida sun koma gareji.

Motocin Renault biyu suka yi gaba abinsu. A zagaye na 14 Prost ya wuce Arnoux, ya fara ba da rata. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

A zagaye na 41 tayarsa ta baya ta hagu ta yi faci. Dole ya lallaɓa da ita har gareji, tana yagewa a hanya. A wancan zamani ba a saba tsayawa sauya taya a tsakiyar tsere ba, kuma makanikai ba su iya aikin daƙiƙa biyu irin na yau ba. Kafin ya fito ya koma na takwas, Arnoux ya ba shi zagaye guda.

Daga nan ne aka ga ainihin abin da turbo ke yi a kan tudu. Da sababbin tayoyin Michelin a ƙafa huɗu, Prost ya riƙa yin zagaye da saurin da ba wanda ke kusa da shi. A zagaye na 49 ya kafa mafi saurin zagaye na ranar, minti 1 da daƙiƙa 8.28. Motocin Cosworth ba sa iya tare masa hanya, domin da an fito miƙaƙƙiyar hanya sai ya wuce su tun kafin a kai wurin taka burki. Ya fara warware zagayen da aka ba shi, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma Arnoux, wanda bai tsaya ba, tayoyinsa sun cinye, motar tana ta karkarwa har da ƙyar yake ganin gabansa. A zagaye na 68 Prost ya karɓe gaba, saura zagaye tara a tashi. Pironi, da ya sauya taya shi ma ya hauro har kusa da gaba, injinsa ya fara tari, ya ƙare can baya. Kusa da ƙarshe Reutemann ya wuce Arnoux ya ɗauki na biyu, kusan daƙiƙa 15 a bayan Prost. Lauda ya zo na huɗu, Rosberg na biyar, John Watson na McLaren na shida.

Idan turbo ya fi ƙarfi haka, me ya sa biyu kacal suka shiga cikin shidan farko?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci. Wanda ya duba sakamako kawai zai ce ai Cosworth ne suka fi yawa a masu maki, huɗu cikin shida. Gaskiya ne, amma ba su samu haka don sun kamo masu turbo ba, sun samu ne don masu turbo sun lalace.

Tudun da ya ba turbo fifiko shi ne kuma ke kashe shi. Kafin farfela ta tara iskar da ake so a wurin da iska ba ta da kauri, sai ta yi gudun da ya wuce na kullum. Iskar da ke ratsa lagireto da na'urar sanyaya iska ita ma ba ta ɗauke zafi kamar yadda take yi a ƙasa, ga shi Janairu tsakiyar bazara ce a Afirka ta Kudu. Ƙarin gudu, ƙarin zafi, ƙarancin sanyaya. Renault ta shekara kusan biyar tana ƙona injuna kafin ta gane yadda ake rayuwa a wannan hali. Ferrari na shekararta ta biyu, BMW kuwa wannan ne tserenta na farko.

Shi ya sa nake ganin layin tashi ya fi sakamakon faɗin gaskiya. Matsalar lalacewa aba ce da kuɗi da lokaci ke magancewa. Matsalar Cosworth kuwa ba ta da magani, domin injin ya riga ya kai iyakarsa. Duk mai ƙungiyar da ya ga mota ta ba da zagaye guda kyauta ta kuma dawo ta cinye, ya san lokacin neman kamfanin da zai ƙera masa turbo ya yi.

Ƙwarewar Prost ce, ko kuwa motar ce kawai?

Duka biyun, amma motar ta fi rabo. Da a ce Cosworth yake ja, ba zai dawo ba ko da ya fi haka iyawa. Facin ma ya zame masa gobarar Titi, domin ya tilasta masa ɗaukar sababbin tayoyi a daidai lokacin da na sauran suka fara gajiya. Nasa rabon shi ne yadda ya kai motar gareji da taya uku ba tare da ya lalata ƙafarta ba, da yadda ya yi zagaye kusan 30 yana matsa wa inji mai saurin fushi lamba bai fasa shi ba. Yana da shekara 26, wannan ce nasararsa ta huɗu. Daga baya ya kai 51, da kambun duniya huɗu.

Ina labarin Lauda da Reutemann bayan wannan rana?

Lauda ya nuna cewa hutun bai rage masa komai ba: a tserensa na uku da dawowa, a Long Beach ta Amurka, ya yi nasara. A 1984 ya ɗauki kambunsa na uku, ya doke Prost da rabin maki. Reutemann kuwa Kyalami ne karonsa na ƙarshe a kan dandamalin karɓar kofi. Ya yi tsere ɗaya a Brazil ya ajiye tuƙi, daga baya ya shiga siyasa, ya zama gwamnan lardin Santa Fe kuma sanata a Ajantina.

Me ƙungiyoyin da ba su da turbo suka yi don kare kansu?

Dabara suka koma yi. Doka ta ce kada mota ta gaza kilo 580, amma ta yarda a cika ruwan sanyaya kafin a auna ta bayan tsere. Sai wasu ƙungiyoyin Ingila suka ɗaura manyan tankunan ruwa, suka ce na sanyaya burki ne. Ana tashi sai a zubar da ruwan a zagayen farko, motar ta yi tsere ba nauyi, a ƙarshe a sake cika tanki a hau sikeli. A tsere na biyu, a Brazil, Piquet ya zo na ɗaya, Rosberg na biyu. Renault da Ferrari suka kai ƙara, aka soke sakamakon su biyun, aka ba Prost. Yawancin ƙungiyoyin FOCA suka yi fushi suka ƙaurace wa tseren San Marino, inda motoci 14 kawai suka tashi.

A lura, motar da Piquet ya tuƙa a Brazil mai Cosworth ce. Bayan abin da ya faru a Kyalami, Brabham ta ajiye injin BMW na ɗan lokaci, sai da kamfanin ya matsa mata kafin ta dawo da shi. A watan Yuni Piquet ya ci tseren Kanada da shi.

Prost ne ya ɗauki kambun shekarar ke nan?

Ko kusa. Bayan Kyalami da Brazil bai sake cin ko ɗaya ba, motar ta riƙa mutuwa a hannunsa yana kan gaba. Ya ƙare na huɗu da maki 34. Rosberg ne ya zama zakara da maki 44, da injin Cosworth, da nasara ɗaya tak a shekarar da direbobi 11 daban-daban suka ci tsere 16.

Shekara ce mai ɗaci. Villeneuve ya rasu a hatsari a filin Zolder na Beljiyam a watan Mayu. Riccardo Paletti ya rasu a Montreal a watan Yuni. Pironi yana kan gaba a maki lokacin da ya kakkarye ƙafafu a Hockenheim a watan Agusta, bai sake tseren Formula 1 ba, amma duk da haka maki biyar kawai Rosberg ya fi shi. Da ba don waɗannan ba, da wuya kambun ya kuɓuce wa Ferrari. Ko a hakan ita ta ɗauki kofin masu ƙera motoci, karo na farko da mota mai turbo ta yi haka.

Yaushe turbo ya gama mamaye wasan, kuma me ya sa aka hana shi?

A 1983 Piquet ya zama direba na farko da ya ɗauki kambu da turbo, kuma a Kyalami aka yanke hukuncin, a tseren ƙarshe na shekarar. Prost ya zo yana gaba a maki, turbo ɗin Renault ya mutu masa, ya rasa kambun da maki biyu. Kwanaki kaɗan bayan haka suka raba gari da kamfanin. Renault da ta kawo fasahar ba ta taɓa cin kambu da ita ba a wancan zamani. McLaren da injin TAG Porsche, sai Williams da McLaren da injin Honda, su suka kwashi garaɓasar.

A 1986 babu mota ko ɗaya marar turbo a fagen. Injunan da ake ɗaurawa don gwajin neman gurbi, waɗanda zagaye biyu ko uku kawai ake so su yi, sun haura ƙarfin doki 1,000, na BMW ma ana ƙiyasta shi sama da 1,300, duk daga lita 1.5. Hukuma ta tsorata da gudun da kuma kuɗin da ake kashewa. Ta fara da rage mai: lita 220 a 1984, 195 a 1986, 150 a 1988. Ta kuma ƙayyade matsin iskar a 1987, ta ƙara rage shi a 1988. Duk da haka McLaren mai injin Honda, da Prost da Ayrton Senna, ta ci tsere 15 cikin 16 a 1988. Daga 1989 aka haramta turbo gaba ɗaya. Sai a 2014 ya dawo, a inji mai lita 1.6 da ke haɗe da na lantarki.

Ba lokacin mulkin wariyar launin fata ba ne? Yaya aka yi ake zuwa can tsere?

Lokacin ne, kuma wannan tabo ne a tarihin wasan. Ranar da Prost ke karɓar kofi, Nelson Mandela yana tsare a tsibirin Robben. An kori Afirka ta Kudu daga harkar Olamfik tun 1970, FIFA ta kore ta a 1976. A wannan shekarar ce Najeriya da ƙasashen Afirka fiye da 20 suka janye daga wasannin Montreal saboda an bar New Zealand ta shiga bayan 'yan wasan zari-rugarta sun je Afirka ta Kudu. Najeriya ta sake ƙaurace wa wasannin Commonwealth na 1978 a kan wannan batu. Formula 1 kuwa ta ci gaba da zuwa Kyalami kowace shekara kamar ba abin da ke faruwa. Direbobin da suka kwana a ƙasa don kare 'yancinsu na sauya wurin aiki sun yi haka ne a birnin da baƙar fata ba ya yawo sai da takardar izini.

Sai a 1985, bayan gwamnatin ƙasar ta kafa dokar ta-ɓaci, Renault da Ligier suka ƙi zuwa bisa matsayin gwamnatin Faransa. An yi tseren duk da haka, Nigel Mansell ya ci, amma daga shi aka cire ƙasar daga jadawali.

Ana tseren Formula 1 a Afirka yanzu?

Ba a yi. An koma Kyalami a 1992 da 1993, bayan sakin Mandela, a kan filin da aka sake wa fasali. Doguwar miƙaƙƙiyar hanyar nan da ta yi wa turbo rana an sayar da filinta an yi gine-gine. Mansell ya ci na 1992, Prost ya ci na 1993, kuma shi ne tsere na ƙarshe da aka yi a nahiyar. Ban da Afirka ta Kudu, Maroko ce kaɗai ta taɓa karɓar tseren gasar duniya, a Kasablanka a 1958. Shahararren direban Birtaniya Lewis Hamilton ya sha kira da a dawo da wasan Afirka. Afirka ta Kudu tana nema, Ruwanda ma ta bayyana tata bukatar a Kigali a watan Disamba 2024.